Jamaniyam da silikon: yadda saɓanin kashi 4 cikin 100 ya zama jarin masu ƙera cip

A wani lungu na Nima a Accra, kusa da babbar kwata, akwai dattijon da ya fi shekara hamsin yana gyaran rediyo. Sana'ar ta ja baya, yanzu sai masu kawo fanka da tocila jefi-jefi, amma tsohon gwangwanin madararsa na nan cike da taransistoci, wato 'yan na'urori masu buɗe wa wuta hanya su rufe ko su ƙara mata ƙarfi, irin na da, masu hular ƙarfe da ƙafafu uku siri-siri. Na je gaishe shi tare da ɗan yayata, wanda ke gyaran waya a Tiptoe Lane can Circle. Dattijon ya zaro ɗaya ya ajiye wa yaron a tafin hannu. An rubuta AC128 a jikinta.

"Ɗana, ka san wannan?"

"A'a, Baba. Ban taɓa cin karo da ita a cikin waya ba."

"Jamaniyam ce. Ba ta shiri da zafi. Ka daɗe da ƙarfen dalma a ƙafarta, ta mutu ke nan. Rediyon da ke da ita kuwa, in ya sha rana, sai muryarsa ta shaƙe."

Yaron ya juya ta, ya miƙa masa da hannu biyu, a zatonsa kayan tarihi aka nuna masa. Alhali wayar da ke aljihunsa, da kusan duk wadda yake kwancewa a shago, akwai jamaniyam a cikinta. An sallame shi daga harkar lantarki tun shekarun 1960, sai ya dawo ta wata siffa, a matsayin shimfiɗar atom da ba ido kaɗai ba, ko madubin da yaron ke duba allon waya da shi ba zai iya gani ba.

Silikon da jamaniyam 'yan gida ɗaya ne. A jadawalin sinadarai ɗaya na saman ɗaya, silikon lamba 14, jamaniyam lamba 32. Kowane atom ɗinsu na riƙe da maƙwabta huɗu, kuma jerinsu irin na daiman ne. Sai dai silikon ya wadata, ya kai kusan kashi 28 cikin 100 na ɓawon ƙasa, yana nan a yashin gaɓar Labadi da muke takawa. Jamaniyam kuwa bai kai kashi 2 cikin miliyan ba. Dmitri Mendeleev na Rasha ya faɗi siffofinsa a 1871 tun ba a gan shi ba, sai a 1886 Clemens Winkler ya fito da shi daga wani dutsen azurfa a Freiberg ta Jamus, ya sa masa sunan ƙasarsa.

Tagulla tana barin lantarki ya wuce ko da yaushe, roba ba ta bari ko kaɗan. Waɗannan biyun a tsakiya suke, ana iya buɗe su a rufe, kuma nan darajarsu take. Kwatar Nima ta ishe mu misali. Ilektron yana tsaye a wannan gefen, a ɗaure, ba ya aiki. Sai ya tsallake zuwa wancan gefen kafin ya iya yawo ya zama lantarki. Faɗin kwatar silikon, da ma'aunin masu kimiyya, ilektron-bolt 1.12 ne. Na jamaniyam 0.66, wato ya ɗan haura rabi. Kwata mai ƙaramin baki ba ta wuyar tsallake. Taransistar farko da John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa a Bell Labs na Amurka cikin Disamba 1947 ta jamaniyam ce, haka ma haɗaɗɗiyar da'irar farko, wato cip na farko, da Jack Kilby ya nuna a 1958.

Sauƙin tsallaken shi ne ya zame masa matsala. Zafi kaɗai kan ingiza ilektron su haye ba tare da an umarce su ba, sai wuta ta riƙa yoyo. Abin da Baba ya sani da hannunsa ke nan tun kafin a haife mu. Taransistar jamaniyam kan rikice kafin ta kai digiri 100, ta silikon na jure 150. Sannan ga batun tsatsa, wanda ya fi na zafi nauyi. Idan aka gasa silikon cikin iskar oksijin, fatar da ke fitowa a kansa gilashi ce mai ƙwari wadda ba ta barin wuta ta ratsa, ana iya zana taransista dubbai a ƙarƙashinta. Tsatsar jamaniyam kuwa ruwa ma narkar da ita yake yi. A kan wannan fata ta gilashi aka gina duk masana'antar cip, jamaniyam ya koma gefe.

Amma masu ƙera taransista ba su manta da saurinsa ba. Ilektron na gudu cikin jamaniyam kusan ninki uku na gudunsa cikin silikon. Akwai kuma mai ɗaukar wuta na biyu, wanda ake kira gurbi. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a sahun sallah ya san shi: wani ya fita daga tsakiya, na kusa ya matsa ya cike, na gaba ma ya matsa, sai ka ga gurbin da kansa yana tafiya zuwa bakin sahu. Haka gurbin da ilektron ya bari yake tafiya cikin dutsen, kuma rabin taransistocin da ke cikin cip da shi suke aiki. A silikon gurbi nawa gare shi. A jamaniyam gudunsa ya kai ninki huɗu.

To me ya hana a shafa jamaniyam a kan farantin silikon a ci moriyar duka biyun? Nan saɓanin ya shigo. Tazarar da ke tsakanin atom na jamaniyam ta fi ta silikon da kashi 4.2 cikin 100. A ido ba komai ba ne. Amma tambayi mai sa tayil: idan tayil ɗin sama ya fi na ƙasa faɗi da wannan ɗan kaɗan, kafin ka jera 25 layi ya goce da tayil guda cur. Idan aka zuba jamaniyam da kauri a kan silikon, sai ya tsattsage a ciki, jerin atom ya kakkarye, kowace karaya kuma rami ce da ke haɗiye ilektron. Shekaru da dama ana kallon wannan kashi huɗu a matsayin cikas.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ƙanƙanta. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100, farcen hannu kuma na tsiro da kusan nanomita ɗaya a kowace daƙiƙa. A wannan mataki dutse ba ya nuna halin da muka san shi da shi. Idan shimfiɗar ta yi siriri sosai, ko aka gauraya jamaniyam da silikon don rage saɓanin, atom ɗin ba sa karyewa, sai su haƙura su matsu su bi layin na ƙasa. Matsin kuwa yana canza yadda ilektron da gurbi ke tafiya, kamar yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata muryarsa ta canza, alhali itacen da fatar ba su canza ba.

IBM ne ya fara kai wannan gaurayen kasuwa a shekarun 1990, bisa aikin Bernard Meyerson, wanda ya gano yadda za a shimfiɗa shi da ƙaramin zafi. Irin waɗannan taransistoci ake sawa a sashen da ke kamo sigina mai rauni ya ƙara mata ƙarfi, a waya, a GPS, da na'urar mota mai hango abin da ke gabanta. A 2003 kuma Intel ya yi wata dabara: ya haƙa ɗan rami a gefe biyu na mashigar taransista, wato hanyar da wuta ke bi a cikinta, ya cike da gaurayen. Da yake atom ɗin gaurayen sun fi girma, sai suka matse mashigar daga hagu da dama, gurbi ya ƙara gudu. Tun daga lokacin dabarar ta zama ruwan dare a cip na kwamfuta da na waya. Wato saɓanin da ake gudu shi aka mayar abin matsi.

Wanda ya fi burge ni shi ne na baya-bayan nan. Da taransista ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ƙofar da ke saman mashigar, wadda ke buɗe ta da rufe ta, ta kasa rufe ta ruf. A 2011 Intel ya tayar da mashigar tsaye kamar ƙayar bayan kifi don ƙofa ta riƙe ta ta gefe uku. A 2022 Samsung ya fara ƙera wadda ƙofa ke zagaye ta ta ko'ina. Ta yaya za a zagaye abin da ke kwance a kan faranti? Magina sun san amsar. Idan za a zuba dakin, sai a kafa katako, a zuba kankare, ya bushe a zare katakon. Haka ake yi a nan: a shimfiɗa gaurayen jamaniyam, a ɗora silikon, a sake gaurayen, a sake silikon, har hawa uku ko huɗu. Sai a sa wani sinadari mai cin gaurayen ya bar silikon. Abin da ke saura falle-fallen silikon ne a rataye kamar gadoji, kaurin kowanne wajen nanomita biyar, wato jerin atom kusan 40. A nan jamaniyam shi ne katakon. Ba ya cikin ginin da aka gama, amma ba don shi ba da ginin bai tsaya ba.

Ina jan kunnen masu sayen waya a Circle kan abu ɗaya. Lambar da ake tallatawa, a ce cip na nanomita uku ko huɗu, suna ne na zamanin ƙira, ba awon wani sashe na taransistar ba ne. Tazarar ƙofa da ƙofa a irin waɗannan cip ta haura nanomita 40.

Wannan ɓangaren lantarki ke nan. Na haske ya fi shi wuya, kuma can ne ake fafatawa a yau.

Mu a Accra mun ɗanɗani muhimmancin haske ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Kodibuwa. Intanet ya tsaya cik, masu hulɗa da banki da masu aika kuɗi ta waya suka yi cirko-cirko. Abin da ke bin waɗannan wayoyi haske ne, cikin zaren gilashi mai kaurin gashi. A tsakiyar mafi yawan zaren da ake amfani da shi a duniya akwai ɗan jamaniyam da aka gauraya da gilashin, shi ke sa hasken ya tsaya a tsakiya bai fita gefe ba. Hasken ba wanda ido ke gani ba ne, tsawon zangonsa nanomita 1310 ko 1550, domin a nan gilashi ya fi barinsa ya yi nisa.

Silikon makaho ne ga wannan haske. Duk abin da zangonsa ya wuce nanomita 1100 ratsa shi yake yi kamar taga, domin ƙarfinsa bai isa ya tsallakar da ilektron wancan faffaɗar kwata ba. Wannan ya sa silikon ya dace da zama hanyar haske, ana fiƙe shi siriri a kan cip haske ya bi ta ciki. Amma a ƙarshen hanya dole a samu mai gani, wanda zai mayar da haske lantarki. Sai a dasa ɗan guntun jamaniyam a wurin. Ƙaramar kwatar da ta sa aka kore shi ita ce ta sa yake ganin abin da ɗan'uwansa ba ya gani. Har wani ƙarin sa'a aka samu: idan aka shimfiɗa shi da zafi sannan ya huce, yana ƙanƙancewa fiye da silikon da ke riƙe da shi, sai ya ɗan miƙu, miƙuwar kuma ta ƙara masa nisan gani. Irin wannan ido na jamaniyam na cikin na'urori masu yawa da ke haɗa kwamfutoci a manyan rumbunan bayanai.

Gani dai an samu. Magana ce ta gagara. Silikon da jamaniyam duka ba su iya fitar da haske ba, kuma dalilin na komawa ga kwatar nan. A wasu duwatsu, irin su galiyam-asanaid da indiyam-fosfaid, ilektron da ya haye yana daidai saitin gurbin da ya bari. Da ya faɗo, sai ƙarfin ya fita a matsayin haske. A silikon da jamaniyam kuwa, inda ilektron ke sauka ba ya saitin gurbinsa, ya goce gefe. Kafin ya dawo da haske sai girgizar atom ta tura shi gefe a daidai lokacin da zai faɗo. Abu biyu su haɗu a ƙiftawa ɗaya ba ya yawan faruwa, don haka ƙarfin kan tafi a zafi. Shi ya sa har yau lesa, wato fitilar da ke harba hasken, da ke kan cip na silikon a kasuwa daga indiyam-fosfaid ake yin ta a manna, aiki mai tsada da wahala.

A 1990 Leigh Canham, a Malvern ta Ingila, ya sa asid ya ci farantin silikon har ya zama kamar soso mai zaruruwa 'yan nanomita. Da ya haska shi, sai ga jan haske yana fitowa a zafin ɗaki. Ilektron yana da halin igiya mai kaɗawa, kuma duk mai kaɗa molo ya san in ka gajarta tsirkiya murya na ƙara tashi. Idan ka kulle ilektron a ɗaki ƙanƙani ƙarfinsa na ƙaruwa, kwatar ta faɗaɗa, launin hasken ya canza da girman ɗakin. Kuma a cikin ƙuncin, shi da gurbinsa ba su da wurin kauce wa juna, sharaɗin turawa gefe ya yi sauƙi. Silikon ba ya jin ƙuncin sai ɗakin ya sauko wajen nanomita biyar. Jamaniyam yana fara ji tun wajen 24, abin da ya sa ya fi sauƙin sarrafawa. A kan irin wannan ɗigo, amma na wasu sinadarai daban, aka ba Moungi Bawendi da Louis Brus da Alexei Ekimov kyautar Nobel ta 2023.

A shekarar 1990 ɗin dai aka ga wani abin mamaki a Jami'ar Wisconsin, a ɗakin binciken Max Lagally. Idan ana yayyafa tsantsar jamaniyam a kan silikon, jeri uku na farko na atom kwanciya suke yi lafiya. Daga nan matsin ya fi ƙarfinsu, sai su tattaru da kansu su zama 'yan tudu masu rufi huɗu, tsayin nanomita kaɗan. Masu binciken suka kira su bukkoki, don kamar da suka yi da bukka. Ba wanda ya sassaƙa su, kashi huɗun nan ne ya gina su. Matsalarsu ita ce ba sa fitowa girma ɗaya ko a layi ɗaya, masana'anta kuma ba ta son abin da ba ta iya maimaitawa sau biliyan.

Akwai kuma zare. Tun 1964 Wagner da Ellis na Bell Labs suka nuna cewa ɗigon zinariya a kan silikon na narkewa a digiri 363, duk da cewa zinariya ita kaɗai sai ta kai 1064, silikon kuma 1414. Ɗigon na shan silikon daga iskar da ake hurawa har ya ƙoshi, sai ya riƙa ajiye rarar a ƙarƙashinsa, zare ya tashi tsaye ɗauke da zinariyar a ka, kamar 'yar kayayo da tasarta a Makola. Faɗin ɗigon shi ne faɗin zaren. A 1998 Alfredo Morales da Charles Lieber na Harvard suka sauko da zaren silikon da na jamaniyam zuwa 'yan nanomita. Zare siriri na da wurin numfashi ta gefe, don haka yana ɗaukar saɓanin da faranti ba zai ɗauka ba.

Jamaniyam dai saura ƙiris ya iya magana: wurin saukar da ke saitin gurbi bai fi wancan tsayi ba sai da ilektron-bolt 0.14. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka miƙa shi suka cika shi da ilektron, suka samu lesa a 2010. A 2015, a cibiyar bincike ta Jülich a Jamus, aka gauraya shi da kuza wajen kashi 12 cikin 100 aka samu lesa, amma cikin sanyi mai tsanani. A 2020 kuma ƙungiyar Erik Bakkers ta Eindhoven a Holan ta tsirar da zaren galiyam-asanaid mai jerin atom kusurwa shida kamar saƙar zuma, ta lulluɓe shi da gaurayen silikon da jamaniyam. Gaurayen ya kwaikwayi jerin zaren, ya bar nasa na gado, kuma da jamaniyam ya haura kashi 65 cikin 100 sai ya fitar da haske sosai. Atom ɗin su ne dai na cikin gwangwanin Baba, zamansu kawai aka canza. A ganina wannan ce hanyar da ta fi ban sha'awa, ko da yake ita ce ta fi nisa da masana'anta.

Sai batun inda ake samo shi. Ba a haƙa mahaƙa don jamaniyam, ana tsamo shi ne daga ragowar tace zinki da tokar kwal. Sin ce ke fitar da fiye da rabin na duniya, kuma daga 1 ga Agusta 2023 ta sa sharaɗin lasisi kan fitar da shi da galiyam. Nan take ido ya koma kan Lubumbashi a Kwango, inda tulin kashin tama na tsohuwar mahaƙa ke ɗauke da shi, kuma a 2024 aka fara jigilarsa zuwa Beljiyam don tacewa. Abin da ke ci mini rai shi ne tulin namu ne, amma ribar tana wurin mai iya jera atom ɗin jeri-jeri. Ana koyar da kimiyyar kayan ƙira a jami'ar Legon da jami'ar KNUST ta Kumasi, kuma ina son ganin yaran Zango a waɗannan azuzuwa, musamman irin ɗan yayata, wanda hannunsa ya riga ya saba da abin da bai kai ƙwayar gero ba. Kada kuma wani ya ruɗi masu tsintar ƙarafa cewa akwai jamaniyam na kuɗi a matattun wayoyi. Wanda ke cikin cip bai taka kara ya karya ba. Inda yake da nauyi shi ne madubin kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin duhu, da farantin sola na tauraron ɗan Adam.

Kafin mu tashi, yaron ya gaya wa Baba cewa shi yakan hura wa cip iska mai zafin digiri 300 da ɗoriya kafin ya ɗaga shi daga allo, kuma ya mayar ya yi aiki. Dattijon ya girgiza kai, ya juyo gare ni.

"Malam, in da gaske akwai jamaniyam a ciki, me ya hana shi mutuwa?"

Na ce masa jamaniyam kansa ba ya narkewa sai a digiri 938. A taransistarsa ta da, 'yan ɗigon indiyam ne aka narkar a gefe biyu na ƙwayar jamaniyam don a yi mahaɗar, indiyam kuma na narkewa a digiri 157. Shi ƙarfen dalma ke fara lalatawa. Ya ɗauki AC128 ɗin ya ɗaga ta saitin ƙofa yana dubawa, sannan ya ce wa yaron ya tafi da ita shago, ya fasa hular ya sa ta ƙarƙashin madubinsa, in ya ga ɗigon ya dawo ya ba shi labari.